Abdou Moumouni Dioffo: haifaffen Tasawa da ya binciki abin da ke hana yaron Afirka karatu

Duk shekara, da zarar sakamakon bakaloriya ya fito, gidaje da dama a Sabon Gari, Tibiri da Jiratawa kan fara lissafin kuɗin mota da na guzurin yaran da za su tafi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni. Sunan ya zauna a bakin kowa, amma ba kowa ba ne ya san cewa a cikin jihar Maraɗi aka haifi mai shi. Waɗanda suka san tarihinsa ma, yawanci da aikin hasken rana suka san shi. To amma kafin duniya ta san shi da madubai da tukunyar dafa abinci da rana, malamin makaranta ne, kuma a shekarar 1964 ya fitar da littafin da har yau masu nazarin ilimi a Afirka ke komawa gare shi. Tambayar da ya bi diddigi a ciki ita ce wadda iyaye ke yi har gobe: me ya sa ake kai yara da yawa lakwal, amma kaɗan ne ke fitowa da abin da zai amfane su ya kuma amfani jama'arsu?

Daga Tasawa zuwa Ponty

An haifi Abdou Moumouni Dioffo ranar 26 ga Yuni 1929 a Tasawa, kimanin kilomita 120 gabas da birnin Maraɗi. Iyayensa Zabarmawa ne, ƴan gidan sarauta, masu asali a Kirtashi da ke bakin kogi kudu da Yamai. Ya yi karatunsa na farko a Damagaram da Yamai, a lokacin da makarantar boko ke ƴan tsiraru ce a duk faɗin ƙasar. A wancan zamani hukumar Nasara kan umurci sarakuna da su kawo yara, iyaye kuwa da yawa kan ɓoye nasu, domin suna ganin yaron da ya shiga lakwal ya fita daga hannunsu.

A 1944 ya samu shiga makarantar William Ponty da ke Sebikotan a ƙasar Senegal. Ita ce makaranta mafi daraja a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, inda ake horar da malaman makaranta da ma'aikatan ofis, da kuma waɗanda za su wuce karatun likita. A nan Boubou Hama, Diori Hamani da Djibo Bakary suka yi karatu kafin shi, haka ma Modibo Keita na Mali. Ga mafi yawan ɗaliban Ponty, daga nan karatu ya ƙare: a ba mutum takarda, a tura shi aiki inda hukuma ta ga dama. Abdou Moumouni yana cikin ƴan ƙalilan da suka wuce gaba. Ya yi bakaloriya a Dakar, sannan ya tafi Faris, inda ya zurfafa a lissafi da kimiyyar fizik.

Ya samu digirin lisans a 1953. A 1956 ya ci gasar agregasiyon, jarrabawa mai tsauri wadda Faransa ke zaɓen manyan malaman lise da ita, ya zama ɗan Afirka baƙar fata na farko da ya same ta a fannin fizik. A wannan shekarar ce kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau ya ci irin wannan gasa a fannin tarihi. Mutanen biyu za su sake haɗuwa nan gaba kaɗan.

Malami mai ra'ayi

Zamansa a Faransa bai tsaya ga ɗakin karatu ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata da ke Faransa, wato FEANF, wadda ta zama makarantar siyasa ga matasa da yawa masu neman ƴancin kai. A 1957 kuma yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PAI a Senegal, jam'iyya mai ra'ayin gurguzu da ta fito fili ta nemi cikakken ƴanci tun lokacin da manyan ƴan siyasa da dama ke ɗari-ɗari da kalmar.

Ya fara koyarwa a 1956 a Lise Van Vollenhoven ta Dakar, wadda a yau ake kira Lise Lamine Guèye. Bayan shekara biyu aka yi ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958. Gini ta Sékou Touré ta ce a'a ga tsarin da Janar de Gaulle ya kawo, ta ɗauki ƴancinta. A Nijar ma jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta yi kiran a ce a'a, sai dai ba ta yi nasara ba. Faransa ta janye ma'aikatanta daga Gini cikin gaggawa, har da malaman makaranta, azuzuwa suka zama ba mai koyarwa. Wasu masu ilimi daga sauran ƙasashen Afirka suka ajiye ayyukansu suka nufi Konakiri domin cike giɓin. Abdou Moumouni da Ki-Zerbo suna cikinsu. Ya koyar a Lise Donka, ya kuma gani da idonsa abin da ke faruwa da ƙasar da dukan makarantunta suka dogara ga malamai da littattafai da kuɗin waje.

A 1959 ya dawo gida, ya koyar a lisen Yamai har zuwa 1961. Ya tarar da ƙasar da, a lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran da ke makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a nahiyar. Cikin shekara biyar ya koyar a ƙasashe uku, ya ga ɗalibai iri-iri, ya ga kuma cewa ciwon iri ɗaya ne. Daga 1961 zuwa 1964 ya zauna a Tarayyar Sobiyet yana ƙwarewa kan makamashin rana. A ƙarshen wannan zama ne littafinsa ya fito.

Littafin 1964

Sunan littafin L'Éducation en Afrique, wato ilimi da tarbiyya a Afirka. Kamfanin François Maspero na Faris ne ya buga shi a 1964, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1968, sannan kamfanin Présence Africaine ya sake buga shi a 1998 da gabatarwar Ki-Zerbo. Abin da ya bambanta shi da rahotannin ƙwararrun waje na lokacin shi ne marubucinsa ya zauna a kan benci a matsayin ɗalibin makarantar mulkin mallaka, ya kuma tsaya gaban allo a matsayin malaminta. Ya zo wa batun da idon masanin kimiyya: ya duba dokoki da tsarin karatu da alƙaluma, ya bi su daki-daki tun kafin zuwan Turawa har zuwa shekarun farko na ƴancin kai.

Ya fara da tarbiyyar gargajiya, a lokacin da mutane da yawa, har da ƴan boko na Afirka, ke ganin babu wani ilimi a nahiyar kafin zuwan Bature. Ya nuna cewa al'ummomin Afirka suna da tsari na renon yaro, kuma ya fitar da siffofinsa. Na farko, tarbiyya aikin kowa ce: uwa, uba, kawu, gwaggo, maƙwabci da tsofaffin unguwa duk suna da hannu a ciki. Na biyu, ba ta rabuwa da rayuwar yau da kullum. A gona, a maƙera, a masaƙa, a wajen kiwo da a dandali ake koyonta. Na uku, tana haɗa abubuwa da yawa a lokaci guda: ƙarfin jiki, hali, sana'a da hankali. Na huɗu, tana tafiya mataki-mataki daidai da shekarun yaro, tun yana bayan uwarsa, zuwa lokacin da zai shiga cikin tsararrakinsa, har ya kai munzalin ɗaukar nauyi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan bayani. Tatsuniyar da kaka ke yi da dare, kacici-kacici, gayya, langa da kokawa, ƴar da ke koyon tuƙin tuwo kusa da uwarta, ɗan maƙeri da ke fara aiki da zuga-zugi kafin a ba shi guduma, duk suna cikin abin da yake nufi. Muhimmin abin lura a nan shi ne halin da yaron ke ciki lokacin da yake koyo: yana tsakiyar mutanen da suka san shi, ana yi masa magana da harshen da yake ji, yana ganin amfanin abin da ake koya masa tun a ranar. Abdou Moumouni bai mai da wannan tsari abin da ba shi da aibi ba. Ya gane iyakarsa, musamman inda babu rubutu, domin ilimin da ke ajiye a ƙwaƙwalwa kaɗai yana da wuyar taruwa da bunƙasa. Abin da ya nema shi ne sabuwar makaranta ta ɗauki darasi daga gare shi.

Daga nan ya juya ga makarantar mulkin mallaka. Ya nuna cewa an gina ta ne daidai da buƙatar mai mulki: a samu tafinta, malamin ofis, ma'aikacin asibiti da malamin makaranta, gwargwadon yawan da hukuma da kamfanonin ciniki ke so. Saboda haka aka taƙaita yawan masu shiga, aka kuma taƙaita zurfin abin da ake koya musu. Faransanci kaɗai aka yarda a yi amfani da shi tun daga ranar farko. Tarihin da ake koyarwa na ɗaukaka mai mulki ne, na mutanen ƙasa kuwa ko dai a yi shiru a kansa ko a ƙasƙantar da shi.

Dattawan da suka yi lakwal a Maraɗi ko Tasawa suna iya ba da labarin yadda abin yake a aikace. Yaro ɗan shekara bakwai ya bar gida da Hausa a bakinsa, ya shiga aji inda mushe ke magana da harshen da bai taɓa ji ba. Akwai kuma abin da ake kira sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa duk wanda aka ji ya yi harshen gida, shi kuma ya yi ta sauraron abokansa domin ya samu wanda zai miƙa wa kafin a tashi, don wanda abin ya kwana a hannunsa shi ke shan horo. Wannan dabara ta mai da yara masu leƙen asirin juna, ta kuma koya musu jin kunyar harshen iyayensu. Yaron da ke cikin tsoro yakan yi shiru, ya haddace abin da bai fahimta ba. Daga nan sai maimaita aji, daga maimaita aji sai kora. Wanda aka kora kuwa ya tashi a tutar babu: bai samu takarda ba, ya kuma yi nisa da gona da sana'ar gidansu.

Sashen da ya fi tayar da ƙura shi ne wanda ya duba abin da ya biyo bayan 1960. A watan Mayu 1961 ƙasashen Afirka sun taru a Addis Ababa ƙarƙashin UNESCO, suka sa wa kansu burin kowane yaro ya samu karatun firamare kafin 1980. Abdou Moumouni ya yi gargaɗin cewa ƙara yawan azuzuwa ba tare da sauya tushen tsarin ba faɗaɗa tsohuwar makaranta ne kawai. Tuta ta canza, amma manhaja da harshe da jarrabawa suna nan yadda Faransa ta bar su, manyan makarantu kuma na hannun malaman da aka aro daga waje. Ƙasa matalauciya na kashe kaso mai tsoka na kasafinta a kan tsarin da ke zubar da mafi yawan yaran a hanya, ƴan kaɗan da suka tsira kuma burinsu kujerar ofis.

Shawarwarinsa sun fito ne daga wannan bincike. A koyar da yara da manya cikin harsunan ƙasa, a tanadi rubutu da littattafai dominsu. A yaƙi jahilci a tsakanin manya gadan-gadan, tun da su ne ke noma da kiwo da renon yaran. A haɗa karatu da aikin hannu da tattalin arzikin ƙasa. A ba kimiyya da fasaha babban matsayi. A horar da malamai ƴan ƙasa masu yawa kuma masu inganci. Ga shi, gyaran makaranta ba ya rabuwa da tambayar wace irin ƙasa ake son ginawa, kuma domin wa.

Zancen harshe a Nijar

Batun harshe shi ne inda aka fi ganin sawun irin wannan tunani a Nijar, ko da yake ba shi kaɗai ya yi kiran ba. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin a shigo da Faransanci sannu a hankali. Daga baya aka buɗe irinta a wasu harsunan ƙasa. Dokar ilimi ta 1998, wadda aka fi sani da LOSEN, ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki.

Sai dai makarantun gwajin sun shafe shekaru masu yawa suna nan a matsayin gwaji. Dalilan sanannu ne: ƙarancin littattafai, ƙarancin malaman da aka horar su koyar da harshen gida, da kuma shakkar iyaye da ke ganin jarrabawa da aikin gwamnati duk da Faransanci ake samunsu. Wannan shakka ba ta rasa hujja ba, kuma tana tabbatar da abin da littafin ya nuna, cewa ba a gyara aji ɗaya a bar sauran tsarin yadda yake.

Mutumin rana

Daga 1964 zuwa 1969 ya zauna a Mali ta Modibo Keita, inda ya kafa ɗakin binciken makamashin rana na Bamako, yana kuma koyarwa. A 1967 ya samu babban digirin dakta na ƙasar Faransa a fannin fizik, da bincike kan madubai masu tattara hasken rana wuri guda. A 1969 ya dawo Nijar ya karɓi ragamar ofishin makamashin rana, ONERSOL, wanda ya jagoranta har tsakiyar shekarun 1980. A nan aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa, na dafa abinci, na tace ruwa da na busar da kayan gona, duk da zafin rana.

Wannan aiki ci gaban abin da ya rubuta ne a kan makaranta. Ƙasar da ba ta da wadatar itace, take sayen man fetur da tsada, amma rana ke dukanta kusan duk shekara, ya kamata ƴaƴanta su yi bincike kan abin da suke da shi, su ƙera kayan da hannunsu. Ya soma faɗin haka tun kafin tashin farashin mai na 1973 ya sa manyan ƙasashe waiwayar rana. Duk wanda ya ga faifan sola a kan rufin shago a kasuwar Maraɗi, ko a bakin rijiyar lambu, ya san lokaci ya gaskata shi, ko da yake yawancin kayan daga waje ake shigo da su, abin da ya saɓa wa burinsa.

Ya koyar da fizik a Jami'ar Yamai, ya kuma zama shugabanta daga 1979 zuwa farkon shekarun 1980, a zamanin mulkin soja na Seyni Kountché. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, yana da shekara 61, ƴan watanni kafin buɗe babban taron ƙasa. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa, kuma ranar 7 ga Afrilu ce Nijar ta keɓe domin makamashin da ake sabuntawa.

Abin da ya rage

Nijar ta yau ta yi nisa da ta 1960. Makarantu sun isa ƙauyuka, ƴan mata sun shiga aji, Maraɗi ma tana da jami'arta mai ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Amma yawan yaran ya zarce ginin da ake da shi. A 2021 hukumomi sun ƙiyasta azuzuwan zana a faɗin ƙasar sun kai kimanin 36,000. Irin wannan aji sai an girbe hatsi an samu kara ake kafa shi, da saukar ruwan farko kuma ya tashi, wato shekarar karatu ta guntule ta gaba da baya. Yara na zaune a ƙasa, cikin ƙurar hunturu da zafin bazara.

A watan Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekarar irin wannan masifa ta auku a cikin birnin Maraɗi, inda aƙalla yara 25, ƴan shekara biyar zuwa shida, suka rasa rayukansu. An yi zaman makoki na kwana uku a jihar, gwamnati kuma ta hana sanya yaran rukunin share fage a azuzuwan zana.

Mutanen Maraɗi ba su manta da wannan rana ba. Ita ce kuma ke sa gargaɗin Abdou Moumouni ya zama na yau: ƙidaya yaran da aka rubuta sunayensu a rajista ba ta isa a ce ƙasa na ilimantar da ƴaƴanta ba. Sai an duba inda yaron ke zaune, harshen da ake yi masa magana da shi, malamin da ke gabansa da irin horon da ya samu, da kuma ko iyaye da mutanen unguwa suna ɗaukar makarantar tasu ce. Waɗannan tambayoyi ne da kowane kwamitin iyayen yara, daga Sabon Gari zuwa Tibiri da Jiratawa, zai iya ɗauka zuwa taronsa na farkon shekara.

Allah ya jiƙan Abdou Moumouni Dioffo, ya jiƙan yaran da suka rasu a cikin aji.